Inci Bakwai

Lungun ya taso daga bakin babban titi, ya gangaro tsakanin gidaje goma sha biyu, ya ƙare a jikin katangar Yaya. Daga nan babu hanya. Duk wanda ya tsaya a bakin titi ya dubo ƙasa zai rantse gidanta ne ya fi kowanne faɗawa kwari. Haka mutanen lungun suka ɗauka, har da ƙanenta magini, wanda sana'arsa ta isa ta hana shi yarda da abin da bai auna ba.

Shekararsa ashirin da shida yana gini, kuma kusan kowane dokin ƙofa a lungun aikin hannunsa ne. Da ruwan sama ya leƙa gidan wani sai a kira shi, ya ƙara layin bulo ɗaya, ya shafe da siminti. Baɗi maƙwabci ya ƙara biyu. Ba wanda ya taɓa tambayar inda ruwan da ya kora zai nufa. Mutum in ya ga tsakar gidansa a bushe, sai ya ɗauka garin ne gaba ɗaya ya bushe.

Gidan maginin kansa yana sama da na Yaya da gida biyu, a hannun hagu. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wajen kwari ne mai ciyawa, ba mai sha'awarsa. Shi ya saye shi, ya zuba masa jar ƙasa tifa talatin da huɗu, ya tayar da gida a kai kamar an ɗora shi kan tebur. Duk baƙon da ya zo sai ya ji wannan talatin da huɗu kafin a kawo masa ruwan sha. A ƙofar gidansa ruwa yakan kwanta bayan kowane ruwan sama, amma tunda bai taɓa hawa matakala uku ya shiga ciki ba, maginin bai taɓa ɗaukarsa damuwa ba.

Ranar da abin ya faru, an yi ruwa mai ƙarfi da safe. Da aka ɗauke, ya turo baro da bulo takwas ya nufi gidan Yaya. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yanzu da furfura ta cika masa gemu Auta take kiransa. Ya tarar da ita tana kwashe laka da tsohon faranti daga gindin katanga.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Yawwa, Auta. Wannan kuma na mene ne?"

"Dokin ƙofa zan ƙara miki."

"Na uku ke nan," in ji ta. "Ka haɗo mini da tsani? Jiya sai da na ɗaga ƙafar nan da hannu kafin na shiga gidana. Kai bar ƙofar, zo ka ga abin gani."

Ta kai shi jikin katangar da ta tare ƙarshen lungun. Katangar ɗakin kwananta ce. Danshi ya hau ta har ƙugu, fentin ya kumbura yana ɓarewa, ga tsaga ta taso daga tushe ta miƙe zuwa ƙasan taga. Ya sa yatsa, yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Ya ƙwanƙwasa bulon da bayan cokalin gini, ya ji sautin ya mutu. Ba ya bukatar a gaya masa. Ruwa biyu ko uku irin na yau, katangar nan za ta kwanta, kuma gadon Yaya a jikinta yake. Ga damina ko rabi ba ta yi ba.

Ransa ya ɓaci, ya juya yana neman wanda zai sauke wa. Can sama da gidansa wani tela yana share gaban shago, inda ya yi sabon dakali bara, ba tare da ya kira maginin ba.

"Ga mai laifin can!" ya ɗaga murya yadda lungun zai ji. "Ka ci rabin hanya da dakalinka, ka matse ruwa, ka turo shi kan tsohuwa!"

Tela ya dogara da tsintsiya. "Oga magini, dakalin ne ya ɓata maka rai, ko hannun da ya gina shi?"

"Zan nuna maka da awo, a gaban kowa. In ya tabbata, da hannunka za ka fasa shi."

"Na yarda. Amma ka auna da kyau. Mu ma da awo muke cin abinci."

Maginin ya shiga gida ya ɗauko tiyon awo. Dogon tiyo ne siriri, garai-garai, ana ganin abin da ke cikinsa. In an cika shi da ruwa aka ɗaga bakinsa biyu, ruwan yakan tsaya daidai wa daida a kowane ɓangare, komai nisan da ke tsakani. Sai a ja layi a bango inda ruwan ya tsaya, nan da can, a auna daga layin zuwa ƙasa. Inda awon ya fi tsawo, nan ƙasa ta fi zurfi. Aikin mutum biyu ne, kuma ba kowa a kusa sai Yaya.

"Riƙe nan a jikin katangarki. Kar ki toshe bakin. In ruwan ya daina rawa ki ja layi da gawayi."

"Yau kuma ni ce lebura," ta ce. "To, Allah ya sa oga mai haƙuri ne."

Nufinsa ya faro daga katangarta ya riƙa hawa zango-zango har dakalin tela. Tiyon ya kai shi daidai ƙofar gidansa. Ya jingina shi da ginshiƙin ƙofa, ya jira ruwan ya natsu, ya ja layi. Ya koma wajen Yaya ya auna nata: inci talatin daga layi zuwa ƙasa. Ya dawo nasa yana sa ran ashirin da 'yan kai, tunda hawa ake yi. Ya tsaya cikin ragowar ruwan da ke kwance, ya sa ma'auni.

Talatin da bakwai.

Ya ce iska ce ta shiga tiyon. Ya zubar da ruwan, ya sake cikawa a hankali, ya bi shi taku-taku yana ɗan bugawa da yatsa. Ya ce Yaya ce ta motsa. Ta ce ita ko numfashi da kyar take yi don tsoron oga. Suka sake. Talatin can, talatin da bakwai nan.

Ya daɗe a tsaye da ma'aunin a hannu. Ashe lungun ba ya gangarawa har gidan Yaya. A ƙofarsa gangaren ya ƙare. Daga nan ƙasa ɗan tashi take yi, tashin da ido ba ya kamawa. Duk ruwan gidaje goma sha biyu a ƙofarsa yake taruwa, ya nemi hanya ya rasa, ya cika, ya hau inci bakwai, sannan ya malala ya je ya jingina da katangar tsohuwa.

"Nawa ya ba ka?" tela ya tambaya daga can.

Maginin ya naɗe ma'aunin. Ya buɗe ƙofarsa, ya ratsa tsakar gida, ya leƙa ta kan katangar baya. Ƙasar bayan gidan tana can ƙasa, zurfin ya fi tsayin ƙirjin mutum, kuma tsohuwar hanyar ruwa tana nan yadda take, da duwatsun da ruwa ya goge suka yi sumul, ta gangara zuwa rafi. Ta taso daga gindin katangarsa ne kamar an yanke ta da wuƙa. Kullum yana ganinta in ya zo shanya buhunan siminti. Bai taɓa tambayar kansa daga ina ta fito ba.

Da ya dawo, Yaya tana nan riƙe da tiyon.

"Sauke, Yaya."

Ta sauke, ta zauna kan bulon da ya kawo.

"Zamanin Baba," ya ce, "ruwa yana zuwa nan?"

"Ko sau ɗaya."

"Ta ina yake bi?"

Ta dube shi. "Ka manta inda kake kamun kwaɗi, ina jawo ka da kunne?"

Bai manta ba. Ya dai ajiye abin a gefe tun ranar da tifa ta farko ta juye.

"Kin sani ke nan. Shekara goma sha ɗaya kin sani, kika bar ni ina ɗora miki bulo a ƙofa."

"Ni ban san inci ba, Auta. Na dai san da ruwa ba ya zuwa, ka yi gida ya fara zuwa. Ranar da ka tare a gidan nan, ka tsaya a ƙofa kana dariya kamar ranar da na saya maka takalmin farko. Na ce bari in bari sai bayan damina. Daminar ta wuce, wata ta zo."

"Da katangar ta faɗo miki fa?"

"Da ka gina wata," ta ce, tana kakkaɓe gawayi daga yatsunta. "Ai ka iya."

Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Ita ma ba ta kyauta ba, domin shirun da ake yi don kar a ɓata wa mutum rai yakan jawo masa abin da ya fi ɓacin rai muni. Amma ba shi da bakin faɗa mata haka, shi da ke da tiyo a rataye shekara da shekaru bai taɓa auna ƙofar gidansa ba.

Akwai hanyar zamewa, kuma ya gan ta sarai. Ba wanda ya ga lambar sai shi. Yana iya cewa awon bai nuna komai ba, ya yi wa katangar Yaya kauri da kankare, ya bar ruwa ya nemi wani gidan. Haka aka saba yi a lungun, kuma shi ya koya musu. Sai dai ya san kankare ba zai kama jiƙaƙƙen bulo ba, kuma ya san a wane gefen katangar gadon yake.

Ya haura wajen tela. Mata biyu suna leƙe daga ƙofofinsu.

"Dakalinka ba shi da laifi," ya ce da ƙarfin da ya yi zargin. "Ni na toshe hanyar ruwa. Ka yafe mini."

Tela ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa, ya fasa. "Ba komai, oga. Ko ni nakan yanka yadi ba daidai ba. Sai dai nawa kuskuren ba ya kai tifa talatin da huɗu."

A gida ya tarar da matarsa tana goge tayil ɗin tsakar gida, wanda ita ta zaɓi launinsa, kuma ba ta yarda a taka mata shi da takalmi. Ya ɗauki gawayi ya ja layi biyu a kai, tun daga ƙofa har katangar baya.

"Baban yara, lafiya? Zanen me kake yi mini?"

Ya gaya mata. Za a fasa matakalar ƙofa, a haƙa magudana mai zurfin ƙugu ta ratsa tsakar gida, ta bi ta ƙarƙashin madafa, ta fita baya. Daga baya zai rufe ta da murfin kankare, amma daminar bana a buɗe za ta ƙare.

"Ruwan lungun nan duka? Da ledojinsa da ƙazantarsa? Ta gaban murhuna?"

"Ta nan yake bi kafin mu zo."

"Yaya ta dawo nan mana. Ga ɗaki."

"In ta dawo, katangar ta faɗi, ruwan ya wuce gidan da ke bayanta. Su kuma ɗakin wa za mu ba su?"

Ta dubi layin gawayin. Sannan ta ce, "Ka ɗaga tayil ɗin a hankali, ɗaya-ɗaya. In ka fasa mini ko guda, kai da Yayar za ku koma can tare." Ta shiga madafa ta fara fito da tukwane.

Kwana uku yana haƙa. Jar ƙasar da ya yi alfahari da ita ta daskare kamar dutse, diga tana tashi da tartsatsi. Tela ya rufe shago rabin yini ya zo ya kama shebur, ya yi kanta a hannu, ya koma yana cewa allura ta fi mutunci. A rana ta uku da la'asar hadari ya haɗu, saura taku biyu a huda katangar baya. Ya huda ta ruwa na dukan bayansa.

Ruwan ya gangaro daga titi ja wur, ya iso ƙofarsa, ya juya hagu ba tare da ya tsaya ba, ya ratsa tsakar gidan da ƙara, ɗauke da ledoji da takalmin wani guda ɗaya. Matarsa tana tsaye a bakin ɗaki ta toshe hanci da gefen mayafi.

Ya fita a jiƙe ya gangara ƙarshen lungu. Gindin katangar ba kowane ruwa sai wanda ke zubowa daga indararo. Tsagar tana nan, sai rani zai rushe katangar ya sake ta daga tushe. Yaya tana tsaye daga cikin ƙofa, dokin ƙofar ya kai mata gwiwa.

"Ya tafi?" ta tambaya.

"Ya tafi."

"To gobe ka zo da guduma ka rage mini wannan abin. Ina so in shiga gidana kamar mutane."