Rigar Zakara

Makarantar Shugaba Kang tana da baƙin malamai uku, kuma ya fi ji da su a kan duk abin da ke cikin ginin, don su ake nuna wa iyayen yara in an zo neman gurbi. Duk ƙarshen shekara yakan kama babban zauren otal, ya tara ma'aikata da masu hannun jari da manyan ofishin ilimi, a ci a sha, kowane sashe ya hau dandamali ya yi wasa. Babu wanda aka rubuta wa wannan a cikin aikinsa, amma ba a taɓa jin baƙon da ya ƙi hawa ya kuma ga an sabunta masa izinin zama ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Bana shekarar Zakara ce ke shigowa a kalandar mutanen Sin, sai Shugaba ya kwana ya tashi da dabara. Malamai mata biyun, Oksana da Marivic, za su fito a kaji, Malam Wekesa ɗan Kenya kuma shi ne zakara, tunda shi ne dogo, shi ne mai murya. Aka ɗinko masa riga ja wur mai gashi, da fukafukan da suka rufe hannu, da wani ƙaton kai mai zanko da ake ɗaurewa a haɓa.

Tao Huilan ce mai kula da baƙin malamai. Ita ke ɗauko su daga tashar jirgi, ta raka su asibiti, ta yi faɗa da mai gidan haya in ruwan zafi ya ɗauke, ita ce kuma ke isar musu da umarnin Shugaba bayan ta cire masa ƙaya. A cikin su ukun ta fi ganin girman Wekesa. Mutum ne mai natsuwa, ba ya shiga aji sai da kwat, kuma duk Lahadi sai ya sa kwat ɗin nan ya kira mahaifiyarsa ta hoto, don tsohuwar ta cika kasuwar garinsu Bungoma da labarin cewa ɗanta babban malami ne a ƙasar Sin.

To, tsohuwar nan tana kwance a asibiti tun makon jiya, ɓarin jikinta ya shanye. Wekesa ya nemi izinin tafiya, Huilan ta kai maganar sama. Shugaba ya jinjina kai cikin tausayi, ya ce uwa ai ba abin wasa ba ce, a saya masa tikitin jibi, hutu na farawa sai ya tashi. Biki kuwa an riga an buga sunansa a tsari, kuma Darakta Meng na ofishin ilimi zai zo.

Ranar bikin, tun la'asar, suna ɗakin da ke bayan dandamali suna shiri. Ta cikin labule ana jin ƙarar kofuna da ƙamshin kifi da giyar dawa. Oksana na gaban madubi tana liƙa baki rawaya a hancinta.

"Digiri biyu gare ni," in ji ta. "Ku duba don Allah. Ƙwai kawai ya rage in saka musu."

"Yi a hankali, kada Shugaba ya ji," in ji Marivic. "Baɗi sai ya ce ki saka."

Wekesa bai yi dariya ba. Ya riga ya shiga rigarsa, yana ta ƙoƙarin riƙe waya da fiffike tana zamewa. Rigar ba ta da aljihu. Ya juyo wurin Huilan.

"Malama Tao, riƙe mini wannan. Ƙanwata Nafula tana wurin Mama. Jiya Mama ba ta yi magana ba ko kaɗan. In Nafula ta kira, ko ina tsakiyar rawa, ki zo ki ja ni. Kin ji?"

"Na ji, Malam. Kada ka damu."

"A'a, ba kada in damu ba. Ki ce za ki ja ni."

"Zan ja ka," ta ce, har zuciyarta kuwa haka take nufi. Ta ɗora masa kan zakaran, ta ɗaure igiyar a haɓarsa. Fuskarsa ta ɓace, sai ɗan duhu ta cikin buɗaɗɗen baki.

Masu lissafi suka gama rawarsu, direbobi suka yi waƙar da babu wanda ya saurara. Da mai gabatarwa ta ce ga abokanmu na ƙasashen waje, zaure ya ɗauki tafi, kowa ya ajiye tsinken cin abinci ya ɗaga waya. Kiɗa ya tashi. Kaji biyu suka shiga suna rausaya, zakara ya biyo su yana taku ɗaya-ɗaya. Da ya tsaya ya miƙe wuya ya yi cara, sai da Darakta Meng ya buga tebur don dariya.

A daidai nan wayar ta motsa a hannun Huilan.

Ta ɗauka. Wata mata ce da jajayen idanu, bayanta bango fari da ƙarfen gado.

"Ina yayana? Wace ce ke?"

"Abokiyar aikinsa ce. Yana cikin aiki yanzu."

"Don Allah ki ba shi. Mama ta buɗe ido, sunansa take kira. Likita ya ce mu kira duk wanda za mu kira. Ki yi sauri, 'yar'uwa."

Huilan ta nufi labule. Taku uku ya rage tsakaninta da dandamali aka riƙo hannunta. Yaya Dou ce, mataimakiyar Shugaba, wadda ta yi shekara da shekaru tana tsare bikin nan kamar yadda ake tsare tukunya a kan wuta.

"Ƙaramar Tao, ina za ki?"

Huilan ta raɗa mata cewa mahaifiyar Wekesa na bakin mutuwa. Yaya Dou ta yi saurin tofar da yawu gefe sau uku, don kada kalmar ta zauna.

"Rufe bakinki! Gab da sabuwar shekara, a gaban Darakta, za ki hau ki kai wannan labari? Kina so a ce makarantarmu ta buɗe shekara da kuka? Kuma shi kansa ba ki tausaya masa? In kin faɗa masa yanzu, fiffike zai buɗe ya tashi zuwa Afirka? Bar bawan Allah ya gama lafiya, ya ci abinci, sannan a zaunar da shi a faɗa masa a hankali. Haka ake yi wa mutumin da ake so."

Da a ce da mugunta Yaya Dou ta faɗa, da Huilan ta fizge hannunta. Matsalar ita ce gaskiyarta take faɗa, kuma Huilan ta san wannan gaskiyar tun tana yarinya. Kakarta da ta raine ta ta rasu ana saura mako ta rubuta jarrabawar shiga jami'a. Gida kaf aka haɗa baki, uwarta na dafa mata miyar kaza tana murmushi, ana ce mata kaka ta tafi ƙauye. Sai da ta ajiye alƙalami aka kai ta kabari. Ta yi kuka kamar ranta zai fita, amma ba ta taɓa ganin laifinsu ba. Ta ci jarrabawar, kuma duk wanda ya ji labarin cewa yake iyayenta sun iya so. Mugun labari kaya ne, masu ƙaunarka su ke ɗauke maka shi har ka samu wurin sauke shi. A kan haka ta tashi.

Amma ta yi alkawari, ga muryar Nafula na fitowa daga tafin hannunta. Tsoro da kunya suka rufe ta. Sai wata dabara ta faɗo mata, irin dabarar da ke zuwa wa mai son ya gamsar da kowa. Ba sai an ja shi ba. Tsohuwar ɗanta take son gani, ga shi kuwa a tsaye cikin haske, jama'a na yi masa tafi.

"Kai wayar kusa da Mama," ta ce wa Nafula. "Ga shi nan, zan nuna mata shi."

Ta ɗan yaye labule, ta juya wayar ta saita dandamali. Zakara na kaɗa fukafukai yana zagaya kaji, yana tonon ƙasa da ƙafa kamar yadda aka koya masa. Waƙa ta zo ƙarshe, Huilan ta ja numfashi za ta kira shi, sai Darakta Meng ya miƙe da kofi a hannu, fuskarsa ta yi ja.

"A sake! A sake caran nan!"

Shugaba Kang ya ɗaga wa mai kiɗa hannu tun kafin Darakta ya zauna. Aka sake daga farko. Wekesa ya miƙe wuya ya yi cara, zaure ya amsa masa da ihu.

Daga cikin wayar wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa, da harshen da Huilan ba ta ji. Ta juyo da fuskar wayar. Wata 'yar tsohuwa ce a kan matashi, bakinta ya karkace, ido ɗaya a buɗe yana nema.

"Me ta ce?"

Nafula ta share hanci da bayan hannu. "Ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Ta ce ɗanta malami ne, a kira mata shi." Sai hoton ya girgiza, aka ga rufin ɗaki, aka ji Nafula na ƙwala wa ma'aikaciyar jinya kira. Layi ya yanke.

Da suka sauko, Wekesa ya ture kan da fukafukansa ya faɗi ƙasa, gumi na zuba daga gemunsa. Bai tambayi komai ba, fuskar Huilan kawai ya duba. Ta danna masa lambar ta riƙe wayar a kunnensa, don fukafukan ba za su iya ba. Ta ji kukan Nafula tun kafin ya yi magana, ta san Mama ta cika. Ya daɗe yana saurare, yana cewa to, to. Da ya gama ya tsaya yana kallon bango. Marivic ta toshe bakinta, Oksana ta cire bakin kazar ta jefar.

"Ta gan ka, Malam," in ji Huilan. "Na nuna mata kai."

"Nafula ta faɗa mini abin da ta gani."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. A waje mai gabatarwa na kiran kowa da kowa ya hau dandamali a ɗauki hoton shekara, Darakta na so zakara ya tsaya kusa da shi. Yaya Dou ta leƙo, ta ga fuskar Wekesa, ita ma idonta ya ciko. Ta sunkuya ta ɗauki kan zakaran daga ƙasa, ta kaɗe shi, ta miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi.

"Sannu, Malam. Ƙaramar Tao, ce masa ya sa wannan. Ba a shiga hoton sabuwar shekara da hawaye."

Huilan ta kasa fassarawa, amma ba a buƙaci fassara ba. Wekesa ya karɓa da fukafukansa ya ɗora a kai. Ta kai hannu za ta ɗaure masa igiyar, ya ja da baya.

"Kin ce za ki ja ni," ya ce daga cikin duhun bakin. Ya wuce ta cikin labule, igiyar na lilo a ƙirjinsa.

Hutu na farawa ya tashi, bai dawo ba. Hoton kuwa Shugaba ya sa aka wanke shi babba aka rataye a ƙofar shiga makaranta. Kowa a ciki na dariya, Darakta ya dafa kafaɗar zakara, zakara ya buɗe baki. Iyayen yara in sun tsaya a gabansa sukan ce lallai baƙin malamai suna jin daɗin wurin nan, kuma Huilan ce ake turawa ta zagaya da su.