Rigar da Ban Jiƙa Ba

…kuma har yanzu ba su bushe ba. Na taɓa wando, na taɓa rigar Juma'a — sanyi kamar gindin randa. Igiya daga ƙusar taga zuwa ƙusar ƙofa, wata daga kan gado zuwa bango. Duk inda na juya sai hannun rigarka ya shafe ni a fuska. Kai da rabonka da taɓa fuskata tun ranar da aka yaye ka.

Ruwan ba shi da niyyar ɗaukewa. Yana dukan kwano, yana dukan kwano… Yawunde ke nan. A Garwa kafin ki gama ɗauraye na biyu, na farko ya bushe ƙayau. Nan kuwa? Bango na gumi, tabarma na wari, gishiri ma ya narke a gwangwani.

Bayan la'asar Adda za ta zo. Yayar babanka, ba ta magana biyu. "Hamsatu, gobe sadakar bakwai. A wanke kayansa a bayar, kada ko hula ta kwana a ɗakin nan. Shi zai samu ladan." Na ce to. Me zan ce? Gaskiya ta faɗa. Na wanke duka.

A'a. Ba duka ba.

Shuɗiyar nan tana ƙarƙashin matashina. Wadda ka cire ran da ka dawo daga tukubar kawunka ka ce kanka na sarawa — ban jiƙa ta ba. Hayaƙin tsire, ƙuli-ƙuli, yaji, sai kai a ƙarƙashinsu. Sauran duk sabulu ya cinye ka. Na shinshina su ɗaya bayan ɗaya, babu kowa a ciki, sai warin danshi. Adda kuma ta san rigar, ita ta yanko yadin a kasuwar Mokolo. Za ta tambaya. Wallahi sai ta tambaya.

Bari in hura gawayi. In sun ƙi bushewa a igiya, sa bushe a ƙarƙashin dutsen guga.

Gawayin ma ya sha sanyi… fifita, fifita. Ƙanwarka Jaratu ce mai fifita min, an kai ta gidan Adda da ƙananan, kada su dami masu zuwa gaisuwa. Jaratu. Ka ji yadda yake fita daga bakina ba wuya? Jaratu zo, Jaratu tashi, Jaratu kin ci gidanku. Naka kuwa — ɗan fari. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tarar. "Kai." "Yaron nan." "Ɗan gidan Adda." Ka girma kana amsa "kai" kamar shi aka raɗa maka.

Da aka shigo da gawarka daga lopital, asibitin nan, Adda ta kurma ihu, ta zube a tsakar gida cikin taɓo, mata suka rirriƙe ta. Ita tana da wannan damar. Ni na shiga madafa na ɗora ruwan wankanka. Ina jin su ta taga: "Kai, Hamsatu akwai kara. Ko ɗigon hawaye!" Yabo ne. Na karɓa. To a ina zan ajiye shi?

Dutsen gugan ya ɗau zafi. In fara da kakin lekol, kayan makarantarka, wanda ka yi faretin ranar ƙasa na ashirin ga Mayu da shi. Duk unguwarmu ta Briketeri sun fita kallo, ni ina gida ina tankaɗe — uwa ta je kallon ɗan fari?

A bi ɗinki. Kullum a bi ɗinki: wuya, hammata, ƙugu, bakin ƙafa. Can suke ɓuya. Ban san da su ba da na zo garin nan, wa zai gaya min? Rana ta ɗan leƙo, na shanya zanen goyonka a ƙasa bayan ɗaki, yadda muke yi a gida. Ba a jima ba ƙuraje suka feso maka a baya, jajaye, kana tsala kuka ba dare ba rana. Na zaci baki ne, na aika aka yi rubutu. Sai maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Ewondo mai sayar da rogo, ta karɓe ka ko tambayata ba ta yi ba, ta ɗiga manja a kan ƙurji, ta jira, ta matsa — tsutsa. Fara, da ranta, tana motsi, daga jikin ɗana. Da hannu ta yi min bayani, da guntun Faransancin da ba na ji: ƙuda, jiƙaƙƙen kaya, ƙwai. Ta nuna min ɗaki. Ta nuna min dutsen guga.

Tun ranar ban sake shanya kayanka a waje ba, damina ko rani. Babanka ya yi faɗa har ya gaji — "Wai ɗaki ne wannan ko shagon wanki?" — ban fasa ba. Ban rungume ka ba, ban kira ka ba, amma ba ka taɓa sa rigar da wuta ba ta bi kowane ɗinkinta ba. Ka lura? Da kake ɗaukarsu a bakin gado da sauran ɗuminsu, ka ce "Inna, na tafi," ba ka dube ni ba, ni ma ban dube ka ba… ka ji abin da nake faɗa maka?

Ga sunanka nan a wuyan kakin, tawadar ta koɗe. Malaminku na lekol ya rubuta. A nan na koyi boko, ni kaɗai, da dutsen guga a hannu. Harafin farko kamar tsani mai taki ɗaya. Na neme shi a jikin sabulu, a gwangwanin madara, a allunan shagunan teloli, har na iya haɗawa. Kalmar farko da na karanta a duniya. Da ido. Ban taɓa barin ta ta kai harshe ba.

Wa zai sa wannan? Wani yaro a unguwar Nkomkana, wataƙila. Wata rana in hango shi daga baya a hanyar kasuwa, in ce… Ba zan ce komai ba. Na saba.

A bi ɗinkin dai. Kada ɗan wata ya —

Shekara da shekaru ina gadin fatar nan. Kada tsutsa ɗaya ta kusance ta, ɗaya tak. Yanzu ruwan nan da ke sauka a kaina, can ma sauka yake, a jar ƙasar nan mai danshi, kuma likkafanin ko guga ba a —

Astagfirullah. Astagfirullah. Na Allah ne, ya karɓi abinsa. Jiki ba komai ba ne, malamai sun faɗa, na yarda, wallahi na yarda. Ya Allah kada ka kama ni da abin da ya gifta min. Amma da sun ba ni yadin nan, ko na ɗan lokaci. Da na bi ɗinkin.

An kira la'asar? Har an idar, ga muryoyin maza suna komowa zaure. Ban yi ba. Garwashi ya mutu, ƙarfe mai sanyi nake ta gogawa, kakin na nan da danshinsa.

Ga baho, ga sauran ruwan sabulu. Shuɗiyar tana kan cinyata, ban san sanda na ɗauko ta ba. In na tsoma ta yanzu ta zama yadi kawai. In rataye ta cikin 'yan'uwanta, in Adda ta zo in ce ruwa ne ya hana su bushewa, kuma ban yi ƙarya ba. Shi zai samu ladan. Ni ce zan tare maka lada don in shaƙi hayaƙi? Wace irin uwa…

Takalmi a taɓo. Ana kaɗe laima a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum. Hamsatu? Kayan Hamadu sun bushe?"

Ji yadda ta faɗe shi. Kamar ba komai.

Amsa sallama wajibi ne, na sani. Bakina a buɗe yake, amma ba ita ce a cikinsa ba… harafin farkon sunanka ne, mai kama da tsani, bai fita ba, bai koma ba — hannu ɗaya a rigar, ɗaya a bakin baho, ruwan kuma ya yi sanyi.