Hannun da Aka Bari a Ingila

Bobbo ya dawo Gombe a shekarar da naira ta kori fam, da akwati ɗaya da hannu ɗaya. Na daman injin jirgin ruwa ne ya cinye shi, aka binne shi a Ingila, gwamnatin can kuma tana aiko masa da kuɗin naƙasa duk wata. Da su yake riƙe da mahaifiyarsa, Dada Kadijatu, wadda ido ya fara gudunta.

Abin mamaki, hannun bai daina aiko da gaisuwa ba. Rana tsaka, yana kishingiɗe a zaurensu na unguwar Kumbiya-Kumbiya yana gumi, sai ya ji yatsun da babu su sun ƙandare da sanyi. Yakan lumshe ido, ya ga bakin teku da fararen tsuntsaye suna shawagi cikin yayyafi.

"Ana ruwa a can," in ji shi.

"To, su rufa masa zane mana," Dada takan ce.

Wata Laraba takarda ta zo daga Ingila. Bobbo kuwa Turanci a bakinsa kamar ruwa, amma a takarda sai kallo, don haka aka kira Edna, malamar makaranta daga unguwar Herwagana.

"Baba, sun ce mazaunin ƙasar waje bai cancanci kuɗin ba. In ba ka koma cikin wata uku ba, za su yanke."

"Wane ne a ƙasar waje?"

"Kai, Baba."

Bobbo ya leƙa tsakar gida, ya dubi tsamiyar da aka binne cibiyarsa a gindinta. Ya yi dariya har da hawaye, sannan tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ga Dada can tana laluben ludayi za ta dama masa fura. In ya tafi, wa zai miƙa mata? In ya zauna, da me zai ciyar da ita?

Sai ya juyo wurin Edna.

"Rubuta, 'yata. Ki ce musu hannun da suke biya yana nan wurinsu, bai taɓa fita ƙasar waje ba. Sauran jikin kuwa na uwata ne, ya dawo wurinta."

Edna ta rubuta, ya dangwala babban yatsan hagu.

Washegari da rana ya kishingiɗa a zaure, ya lumshe ido yana jiran sanyin nan. Har aka kira la'asar bai zo ba.