Injin Jirgin Rabo

Wata biyu Rabo bakanike ya yi yana ƙera wani ɗan jirgin ruwa na wasa da langalanga a bayan garejinsa na Dogon Dutsi. Tsawonsa kamu huɗu, har da ɗan bene da tuta. Mushen lakwal, malamin makarantar boko, ne ya roƙe shi, don a sa shi bisa tabki ranar bikin 'yancin kai, gaban kumandan mai mulkin yankin. Komai ya kammala sai injin lantarkin da zai juya farfela.

Yana da guda, wanda ya ciro daga fankar wata matacciyar babbar mota a Kore Mairuwa. Ya ci tsatsa, in an haɗa masa batir sai ya yi ta tari kafin ya juya.

Ran nan da hantsi, ƙarshen bazara, sai ga Sha'ibu mai wankin motocin bariki da wani abu ƙunshe a tsumma.

"Maigida, aje wanga tsoho naka. Ga na ƙwarai."

Injin share gilashin mota ne, sabo ful. Rabo ya haɗa masa waya, ya juya sumul ba ko gargada. Irinsa jirgin yake buƙata. Amma bakin wayoyin sabon yanka ne, kuma kan ƙusoshin akwai koren fenti irin na motocin bariki.

"Ina ka samo shi?"

"Kamba. Abokina ya ba ni."

"Yaushe ka tafi Kamba? Kullum ina hangen ka da bokiti."

"Kai dai tambaya kamar jandarma. Kyauta ce, mi za ka rasa?"

Tun bara da Rabo ya sallame shi daga gareji kan ɓatan sifana, Sha'ibu bai sake gaishe shi ba sai yau. Rabo ya dubi sama. Ruwa bai sauka ba tukuna, babu direban da zai taɓa abin share gilashi. Ranar da ya sauka za a fara cigiya, kuma duk wanda aka samu injin a hannunsa, shi da gidan kaso.

Ya naɗe abin ya miƙa masa. "Ya fi ƙarfin jirgina."

Ya koma wa tsohonsa. Ya goge tagullar ciki da yashi, ya fere gawayin tsohon batirin tocila ya maye gurbin wanda ya cinye, ya haɗa injin da sandar farfela da guntun tiyo. Da ya ga nauyi ya yi yawa, ya cire benen, ransa bai so ba.

Ranar biki damina ta riga ta sauka, tabki ya cika. Jirgin ya tashi yana jan ciki kamar mai ciwon baya, agwagi na wuce shi, mata na dariya. Bai kai tsakiya ba wani jandarma ya dafa kafaɗar Rabo.

"Jawo shi, ka buɗe muna ciki."

Rabo ya ja igiya, ya ɗaga murfi. Jandarman ya duƙa ya daɗe yana duba tsatsar, har da kankarewa da farce ko zai ga koren fenti.

"Ranka ya daɗe, wa ya ce a duba?"

Jandarman ya karkaɗe hannu ya tafi. Can gindin gawo Sha'ibu na tsaye, ya juya wa tabkin baya yana kallon masu kiɗa. Rabo ya rufe murfin, ya sake tura jirginsa ruwa.