Akwatin da ke Jin Numfashi

A ofishinta, Yaya Lauya, yayar mijin Auta, ta juyo musu da fuskar kwamfutar, ta ce, "Ku duba da idonku, kada a ce ni na faɗa."

Auta ta matso da kujerarta kusa da ta mijinta. Shafin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ne, wanda kowa ke iya buɗewa a intanet. Ga zanen nan tsaf: ɗan akwatin da ake liƙawa ƙarƙashin kujerar mota, wanda in an kulle mota da yaro a ciki yake jin numfashinsa, ya sauke gilas, ya yi ta danna hon har a zo. Mijin nata, Injiniya, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wannan akwati, yatsunsa duk tabon dalma. Amma a gurbin sunan mai ƙirƙira, sunan tsohon maigidansa ne zaune daram, mai kamfanin da ya bari bara.

"Zanena ne, Yaya," in ji Injiniya, muryarsa can ƙasa. "Dubi jar wayar nan, ta hagu ta zagayo. Ba mai yin haka sai bahago."

"Na san kai bahago ne, ni na sha dukan hannun nan muna yara. Amma kotu ba ta auna hagu da dama. Tsohon maigidan naka ya riga ka kai takarda. Yanzu ko ɗaya ka haɗa ka sayar, ɓarawo kake a idon doka."

Fankar sama na ta juyi tana kaɗa gefen takardu. Auta ta ji gumi na bin bayanta. Ta kalli hannun mijinta a kan gwiwarsa, babban yatsa na murza ɗan ali kamar yana murɗa wayar da babu ita.

Yayar ta ci gaba, "Sun aiko da tayi. Ka koma ƙarƙashinsu, su ƙara sunanka a bayan nasa. Ko kuma mu nuna cewa duniya ta riga ta ga abin kafin ya kai takardarsa. In an taɓa nuna shi a fili, rajistarsa ta rushe. Sai dai ka sani, kai ma ba za ka taɓa yi masa rajista ba. Ya zama ruwan rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugansa."

"Ba wanda ya gani. Na ɓoye shi kamar cikin fari."

Auta ta sunkuyar da kai, don ta san ba haka ba ne.

Tun suna neman aure abin ya faru. Wata rana ya zaunar da ita a kujerar baya ta wata tsohuwar mota a garejinsa, ya kulle, ya koma gefe ya harɗe hannu. Kafin zafi ya dame ta, gilas ya sauka da kansa, hon ya cika layin. Tana dariya ta ɗauke shi bidiyo, shi kuma don burga ya buɗe akwatin yana yi wa wayarta bayani ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ta ɗora a wani tsohon shafinta. Da ya ji, ransa ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa gani ba, ya ce ta goge yanzu yanzu, wannan kaɗai ya isa ya kashe masa wahalar shekaru. Ta ce to. Washegari wayarta ta faɗa bokitin wanki, ta tafi da komai, sai na shafin kaɗai ya rage. Ta sa yatsa za ta goge, ta kasa. Da ya tambaya, ta ce ta goge.

Bidiyon yana nan har yau, a buɗe, da kwanan watansa.

"Amarya, lafiya?" Yaya Lauya ta leƙo ta saman tabarau. "Kin yi fari kamar ke aka kai ƙara."

"Zafi ne, Yaya."

Injiniya bai ko juyo ba. "In na koma, aƙalla sunana zai fito," ya ce, kamar yana lallashin kansa. "Ko a baya ne. Baba ya rasu yana cewa wasan yara nake da wayoyi. Ina son ko sau ɗaya a buga sunan gidanmu a ga shi a wurin nan."

"A bayan sunan wanda ya yi maka sata."

"To ya zan yi, Yaya? Ba ni lambarsu."

Yayar ta ja wayar tebur gabansa. Auta ta ga ya ɗaga kan wayar da hannun hagun nan. In ta yi shiru, zai samu rabin suna, ya koma yi wa mutumin nan rusunawa kullum safiya, ita kuma asirinta a rufe. In ta yi magana, za ta raba shi da takardar har abada, kuma zai san ta dube shi ido cikin ido ta yi masa ƙarya.

Ta dafa hannunsa. "Ajiye tukuna."

Ta jawo kwamfutar, ta buɗe tsohon shafin nata, ta danna bidiyon. Hon ya fashe a cikin ofishin, sai dariyarta, sai ga shi a fuskar kwamfutar, siriri, da baƙin mai a goshi, yana nuna jar waya.

Yaya Lauya ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sunkuya kan kwanan watan. "Wannan ya girmi takardarsa nesa ba kusa ba."

"Kin ce kin goge," in ji Injiniya. Bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Na ce."

"Me ya sa?"

Yayar ta kai hannu za ta tsayar da bidiyon, ya ce, "Bar shi ya ƙare."

A ƙarshen, saurayin cikin bidiyon ya rufe akwatin, ya leƙo ta gilas ɗin da ya sauka, ya ce da wadda ke riƙe da wayar, "Kin gani? Ko duniya ta manta da ke a wuri, ni zan ji numfashinki."

Yaya Lauya ta yi gyaran murya. "Ashe ƙanen nawa ya iya zance. Mu a gida sai gunaguni."

Ba wanda ya yi dariya. Injiniya ya daɗe yana kallon sunan da ke ɗaya shafin, sannan ya mayar da kan wayar mazauninsa a hankali.

"Kai musu wannan, Yaya. Kowa ya haɗa. Ni ma in haɗa nawa."

Ya miƙe ya fita bai kalli Auta ba. Ta bi shi a matattakala. A bakin titi ta tarar da shi tsaye jikin motarsu, fuskarsa a ɗaure, idonsa ja. Ya riga ya buɗe mata ƙofa, yana riƙe da ita.