Ɓawon Lemo a Koriyar Jaka

An sayar da koriyar jakar ranar Asabar da hantsi. Matar da ta saya ko leƙa cikinta ba ta yi ba, ta rataya ta fice. Gwana, mai gyaran ɗinki a ɗakin baya na shagon, tana tsaye a bakin labule har motar matar ta sha kwana. Jakar ta ƙanwarta Auta ce, wadda ta fita daga gida shekaru da dama da suka wuce, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Shagon yana sayen jakunkuna masu tsada na hannu, ya gyara, ya sayar. Bana kore ake yayi, mai duhu irin na kwalba. Rabon da a yi yayinsa tun shekarar da Auta ta ɓace, saboda haka duk mai tsohuwar koriya a ƙasan akwati ta zaƙulo ta. Wasu masu su ne ke kawowa, wasu magada. Ba a tambaya, ba a ɗaukar suna, don manyan mata ba sa son a san sun sayar da kayansu. Dokar Madam, mai shagon, ɗaya ce: jaka ba ta hawa kantar shago da ƙanshin mai ita. A zazzage ta, a goge, a sa ta a akwatin cire wari har ta manta hannun da ya riƙe ta. Ma'aikata suna kiran wannan aiki wanka.

Ranar Laraba jakar ta iso teburin Gwana. Daga maɗauri ta gane ta. Ɗinkinta ne, da baƙin zare, don ranar da Auta ta tsinke shi babu kore a gidan. Ta zura hannu a aljihun ciki, ta taɓo ɓawon lemo. Tun suna 'yan makaranta Auta ba ta shiga mota sai da shi, tana shinshinawa saboda tashin zuciya. Gwana ta matsa ɓawon. Bai bushe ba. Ya jiƙa mata yatsa.

Ta fito wurin yarinyar da ke tsaron kantar shagon.

"Wa ya kawo wannan?"

"Wata mata, jiya da rana. Wallahi da ta juya baya na ɗauka ke ce, har na ce yau kuma Gwana ta ƙofar gaba? An samu ƙarin girma ke nan?"

"Ta faɗi inda take?"

"Yaya, a nan? Ko mijin mace ba ma tambaya."

Gwana ta mayar da ɓawon, ta tura jakar can ƙarshen kanta ta sama, ta tafi ɗauko Mama, mahaifiyarsu. Idon tsohuwar ya tafi, amma har yanzu da hanci take gane 'ya'yanta tun daga ƙofa. Gwana ba ta yarda da yatsanta kaɗai ba. A hanya ba ta gaya mata komai ba, cewa ta yi za a gwada mata takalmi.

Suka tarar da Dogo, mai goge fata, yana share hannu da tsumma.

"Na rage miki aiki," in ji shi. "Madam ta ce kore ba ya jiran kowa, wata mai kamawa ko kyauta ba mai ɗauka. Na yi mata wanka tas. Har da shara a ciki, mutane ba su da kirki."

Kwandon shara an riga an kwashe.

Duk da haka Gwana ta ɗora jakar a cinyar Mama. Tsohuwar ta shafa ta, ta buɗe, ta sa fuska ciki, ta daɗe. Yatsanta ya bi maɗaurin, ya tsaya kan baƙin zaren, ya wuce.

"Wannan ba ta kowa ba ce," ta ce. "Ina takalmin?"

Bayan an sayar da jakar ne mai tsaron kantar ta tuna wani abu. Matar da ta kawo jakar ta tambaya ko suna sayen jar jaka. Madam ta ce ja ya kwanta, ta dawo da ita in an fara yayinsa. Matar ta ce to.

Da jaka biyu Auta ta fita ranar da ta ɓace. Ta biyun ja ce, ta Gwana, aro ta yi ba ta tambaya ba.

Gwana ta jawo teburinta kusa da labule, inda take iya ganin ƙofar gaba. Kowace safiya tana duba hotunan sababbin kaya a wayar Madam. Har yanzu kamfanonin ba su fitar da launin da za a yi yayi a gaba ba.