Tambayar da Zinariya Ta Gyara

Zinariya mai bandar kifi ta yi shekara biyu tana fama da ciwon damuwa. Yau shekara uku ke nan da ta sha magani ta warke sarai, amma 'yan unguwa sun ƙi yarda. Ko cewa ta yi gishiri ya yi tsada, sai a kalli juna, wai ciwon ne ya motsa. Kai, mutane sai Allah! Shi ya sa da masu bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwa suka gayyace ta zama a Haɗejiya, ita da mutum uku da suka taɓa yin ciwon, ta ƙudura ba za ta ce uffan ba. Tsoronta ɗaya, ta buɗe baki a yi mata irin kallon nan.

Shugabar binciken, Dakta Mardiyya, ta miƙe tsaye, fuska ba walwala. Ta ce sun zaga ƙauyukan bakin kogi da takardar tambayoyi, sun tarar mutum takwas cikin goma ba sa barci, kullum gabansu na faɗuwa. "Abin ya ba mu tsoro," in ji ta.

Zinariya ta cije leɓe, amma ina! "Likita, a wane wata kuka je?"

"Satumba."

Dariya ta ƙwace mata. "Wayyo cikina! Lokacin da kogi ya cika ya batse, ga tsuntsayen jan-baki sun sauka a kan shinkafa? Wa ke barci? Ai ko liman kuka tambaya, a takardarku majinyaci ne!"

Zinariya ta ce a ranta shi ke nan, na jawo wa kaina. Sai ga Dakta ta dafe kai, tana dariya har da ƙwalla.

"To, Yaya, me ya kamata mu tambaya?"

"Ni dai lokacin nawa, barci nake kamar kasa. Shiga mutane ce na daina. Ku tambayi mace, yaushe rabonki da gidan suna? An yi rasuwa a maƙwabta, kin leƙa gaisuwa?"

"Dakata, Yaya, maimaita a hankali in rubuta."

Ta maimaita a hankali, daɗi ya cika ta. Dakta ta gama rubutu, ta ɗago.

"Akwai saura?"

Zinariya ta gyara mayafi, ta jawo kujera gaba. "Ƙaro takarda, Likita. Shekara biyar nake tara magana."